Daga Gonar Makoda Zuwa Teburin Yarjejeniya: Wa Ke Magana Da Yawun Mai Buhu Uku?

Idan kaka ta yi a ƙasar Makoda, da wuya ka wuce ƙofar gida uku ba ka hangi ja a shanye ba. Zoborodo ne. An yanko yakuwa daga gyaffan gona, mata da 'yan mata sun zauna a tsakar gida suna ɓare furen daga ƙwallon gurguzu ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayi na cin hannu, yatsu sun rine. Wadda ta san kan aikin tabarma ko buhu take shimfiɗawa ta shanya, wadda ke sauri kuwa sai ta zuba a dandaryar ƙasa.

A gona kuma an yanke riɗi, an ɗaure shi dami-dami an jingine a tsaye, ana jiran kwanson ya bushe ya tsage a zo a kakkaɓe a kan tamfol. Wake yana jiran sussuka, gyaɗa tana jiran ɓara.

Gero da dawa na rumbu ne. Waɗannan kuwa na kuɗi ne: da su ake biyan bashin taki, a yi wa yarinya kayan ɗaki, a sayi tinkiyar kiwo. Ana auna su da kwano a kasuwannin ƙauye da kasuwar Lahadi ta Dambatta, 'yan sari su tara su cika buhu, mota ta kwasa zuwa Dawanau. Daga nan manomi bai ƙara sanin inda kayansa suka nufa ba. Abin da kawai yake ji a shekarar da farashi ya karye shi ne, "kamfani bai fito ba," ko "an ce waje ba sa saye."

Me ya hana kamfanin fitowa? Sau da yawa amsar tana cikin wata takarda da jami'an ƙasashe biyu suka sa wa hannu, ko suka kasa sa wa hannu, a wani birni da mai kayan bai taɓa jin sunansa ba.

Ƙwaron da ya rufe kasuwar Meksiko

Mutanen Meksiko suna shan zoɓo kamar yadda muke sha, har ma sun fi mu, kuma abin da suke nomawa ba ya isarsu. Shekara da shekaru Nijeriya ce ke cike musu giɓin, kuma mafi yawan zoborodon da ke fita daga ƙasar nan can yake tafiya. A 2017 kaɗai an ƙiyasta cewa kwantena kusan 2,000 suka tafi can, na kimanin dala miliyan 35. Kayan Jigawa ne da Kano da Katsina da maƙwabtansu, kuma akasarinsu ta Dawanau da Maigatari suka bi.

Sai hukumar kula da lafiyar tsirrai ta Meksiko ta tarar da wani ƙwaro mai suna khapra a cikin wasu kwantenoni. Ƙwaron bai fi ƙwayar riɗi girma ba, amma ƙasashen da ba su da shi suna tsoronsa ƙwarai, domin tsutsarsa tana iya laɓewa a tsagar bango ko ɗinkin buhu ta yi shekaru ba ta ci komai ba, kuma idan ta shiga rumbun hatsi fitar da ita aiki ne ja. Meksiko ta rufe ƙofa. Daga 2018 ciniki ya tsaya.

Babu wanda ya zo Koguna ko Makoda ya yi wa mata bayani. Sun dai ga kwanon da ake rububinsa bara ya koma sai an roƙi mai saye.

Abin lura shi ne yadda aka warware matsalar. Ba wata babbar yarjejeniyar cinikayya aka ƙulla ba, ba kuma shugabannin ƙasa ne suka gana ba. Ma'aikata ne na hukumar NAQS, mai kula da lafiyar kayan gona masu shiga da fita a Nijeriya, suka yi ta kai-kawo da takwarorinsu na Meksiko har tsakanin 2021 da 2022 aka daidaita a kan tsarin aiki: a yi wa masu fitar da kaya rajista, a tsaftace zoborodo, a turara shi da iskar magani a ɗakunan da hukumomin biyu suka amince da su, a rufe kwantena da hatimi, a haɗa da takardar shaida.

Ƙofa ta buɗe, amma ba yadda take a da ba. Yanzu wanda ke da ɗakin turare ko kuɗin biyan hayarsa shi ne mai hanya. Ƙaramin ɗan kasuwar da a da yake haɗa guiwa da abokansa su cika kwantena ɗaya ya koma mai kai wa manya kaya. Yarjejeniyar ta ceci kasuwar, wannan gaskiya ne, sai dai ta kuma sake raba wa mutane matsayi a cikinta, kuma ba a tambayi na ƙasa ba kafin a yi rabon.

Wake da fiya-fiya

Labarin wake ya fi ciwo, domin Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, kuma nan kusa, a Minjibir, cibiyar IITA take da gonar gwajin da aka fito da ire-iren wake masu yawa da manoma ke shukawa yau.

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalili shi ne ragowar maganin ƙwari nau'in dichlorvos, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiya da ire-irensa. Ƙa'idarsu ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo, amma an riƙa samun wanda ya ninka haka sau ɗaruruwa. An ce haramcin na shekara ɗaya ne. Da aka ga babu abin da ya sauya aka ƙara shekara uku, aka sake ƙarawa, har maganar ta zama jiki.

Duk wanda ya taɓa shiga sito a lokacin ajiyar wake ya san yadda abin yake. Ana zazzage buhu a ƙasa, a yayyafa magani, a juya da shebur, a mayar a ɗinke. Mai sito ba mugu ba ne. Ya zuba jarinsa ne, kuma ya san idan ya bar wake haka nan kafin wata uku ƙwari sun mayar da shi gari. Akwai mafita da aka daɗe da sani, buhun PICS mai leda biyu a ciki wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska ba tare da ɗigon magani ba, kuma a Kano ma ana yin sa. Amma ya fi buhun gama-gari tsada, kuma a kasuwa kwanon waken da aka adana da shi kuɗinsa ɗaya da wanda aka yi wa wanka da guba. To wa zai sayi tsada don ya sayar da araha?

A nan ne maganar fitar da kaya ta haɗu da maganar lafiyarmu. Waken da Bature ya ƙi, mu muke yin ƙosai da alala da shi.

Riɗi ma bai tsira ba. Japan, wadda ke cikin manyan masu sayen riɗin Nijeriya tare da Sin da Turkiyya da Indiya, ta sha yin ƙorafi a kan ragowar magani, Turai kuma a kan ƙwayar cutar salmonela, wadda sau da yawa daga kashin kaji da awaki da ɓeraye take shiga kaya a wurin shanya ko ajiya. Shi ya sa a watan Maris na 2024 shugabar Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, Ngozi Okonjo-Iweala, ta ƙaddamar a Abuja da wani shiri na kimanin dala miliyan 1.2 tare da hukumar NEPC mai bunƙasa fitar da kayayyaki, don gyara ingancin riɗi da wake. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba idan aka dubi yawan manoman, amma aƙalla an nuna inda ciwon yake: a tsakar gida da sito, tun kafin a kai tashar jirgin ruwa.

Takardun da aka sa wa hannu

Ba a rasa yarjejeniyoyi ba. A watan Fabrairun 2024 Nijeriya da Birtaniya suka sa hannu a Abuja a kan wata ta ƙarfafa ciniki da zuba jari, ministar kasuwanci ta lokacin Doris Uzoka-Anite a ɓangarenmu, Kemi Badenoch a nasu. Kafin nan, a 2023, Birtaniya ta fito da tsarin rangwame ga ƙasashe masu tasowa wanda ya cire ko ya rage haraji a kan dubban kayayyakin Nijeriya. Da Sin akwai yarjejeniyar musayar naira da yuwan tun 2018, kuma a ziyarar Shugaba Tinubu ta Satumban 2024 an sa hannu a kan ƙa'idojin shigar da ɓararriyar gyaɗa can. A 2025 Sin ta kuma sanar da aniyar cire haraji ga kayan ƙasashen Afirka 53.

Ta Amurka, wato AGOA, tun 2000 take, kuma ta ba kayayyaki dubbai damar shiga ba haraji. Shekara 25 Nijeriya ta yi tana cin moriyarta kusan da ɗanyen mai kaɗai. Ita ba ma yarjejeniya ba ce a haƙiƙa, doka ce ta majalisar Amurka, mai bayarwa ke da ikon karɓewa: an cire Nijar daga ciki a farkon 2024 bayan juyin mulki, a 2025 gwamnatin Trump ta ɗora wa kayan Nijeriya sabon haraji na kashi 14 daga baya ya koma 15 cikin 100, kuma da wa'adin dokar ya cika a ƙarshen Satumban shekarar sai kowa ya koma zaman jiran abin da Washinton za ta yanke.

Akwai kuma wadda Nijeriya ta ƙi. Tarayyar Turai ta daɗe tana neman ƙasashen Afirka ta Yamma su shiga yarjejeniyar EPA, wadda za ta buɗe mana kasuwarsu mu ma mu buɗe musu tamu sannu a hankali. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN ta tsaya kai da fata cewa kayan Turai za su kashe 'yan masana'antun da suka rage, kuma a 2018 Shugaba Buhari ya fito fili ya ce ba zai sa hannu ba. Mutumin Kano da ya ga yadda masaƙun Sharaɗa da Bompai da Challawa suka zama kufai bayan kwararowar atamfar waje ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan tsoro.

Amma mai karatu ya lura da abu ɗaya. Mafi yawan waɗannan takardu maganar haraji suke yi, alhali ɗanyen riɗi da zoborodo a kasuwanni da dama harajinsu ƙanƙani ne ko ma babu. Abin da ke mayar da kwantena baya shi ne gwajin ɗakin bincike. A ganina shafi goma na ƙa'idar ƙwari da magani da aka daidaita da ƙasa ɗaya mai saye sun fi amfani ga manomin Makoda a kan babban biki da tutoci da hotuna, muddin an sanar da shi abin da ke cikin shafukan.

Iyakar da ta fi kusa

Ana maganar Meksiko da Japan, amma ƙasar wajen da ɗan Makoda ya sani ita ce Nijar. Daga Dambatta hanya ta miƙe zuwa Ɓaɓura har bakin iyaka, wata ta bi Kazaure zuwa Daura da Kwangwalam. Shanu da raguna da wake da aya da dabino suna gangarowa, masara da dawa da kayan masana'anta suna haurawa. Ƙananan 'yan kasuwa da yawa a wannan yanki sun fitar da kaya waje sau ba adadi ba tare da sun taɓa kiran abin da suke yi da wannan suna ba.

A takarda wannan ciniki yana da gata. Tun 1971 ƙasashen biyu suke da hukumar haɗin guiwa mai mazauni a Yamai. Tsarin ECOWAS ya ce amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu su wuce ba haraji. A ranar 7 ga Yulin 2019, a Yamai ɗin dai, Buhari ya sa hannu a kan yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, AfCFTA, wadda ke da burin cire haraji a kan kashi 90 cikin 100 na kayayyaki tsakanin mutane fiye da biliyan ɗaya.

Ba a yi wata biyu ba Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Sai a Disamban 2020 aka buɗe Maigatari da Illela, Jibiya kuwa sai 2022. Ana cikin farfaɗowa sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, iyaka ta sake rufuwa har Maris na 2024. Tireloli sun yi layi, albasa da tumatir sun ruɓe a cikin mota, masu jarin bashi da dama ba su sake tashi ba.

Yau Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso, tun Janairun 2025. ECOWAS ta ce a ci gaba da mu'amala da kayansu kamar da kafin a daidaita, su kuma sun sa wani ɗan haraji na rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙungiyarsu. Nijar ta hana fitar da hatsi a ƙarshen 2024, ta kuma hana fitar da dabbobi gab da babbar sallar 2025, abin da duk mai zuwa kara a Dambatta ko Maigatari ya ji a aljihunsa.

Ga shi kuwa ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita kusan 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kuma ta Dambatta da Kazaure zai ratsa, wato ta ƙofar gidan Makoda. Jirgi zai zo, in Allah ya so. Amma jirgi ba ya cire shinge. Idan akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da arewacin Kano ke buƙata da gaggawa, to ita ce wadda za a zauna da Nijar a rubuta ƙarara: mai buhu 20 me zai nuna a bakin iyaka, nawa zai biya, wa zai ba shi rasit, kuma wace ƙasa ba za ta rufe ƙofa ba sai ta ba da sanarwa. Direbobi sun san adadin shingayen da ke tsakanin Dawanau da iyaka da abin da ake ajiyewa a kowanne. Wannan kuɗi ba ya cikin kowace yarjejeniya, kuma daga farashin manomi ake cire shi.

Lissafin kwantena

A ce wani matashi a Koguna ya ƙuduri aniyar fitar da riɗi da kansa. Me ke gabansa?

Ƙaramar kwantena tana cin kimanin tan 19. Ƙasar Makoda kuwa irin ƙasar nan ce ta kewayen Kano da mutane suka yi yawa, gado ya yayyanka gonaki, kowa yana haɗa gero da wake da gyaɗa a fili ɗaya, riɗi da yakuwa su samu gefe. In aka ce kowane manomi ya samu kilo 200, sai an tara na mutum kusan 100 kafin a cika kwantena ɗaya. Kuma mai saye a waje yana son kayan su zama iri ɗaya, launi ɗaya, tsaftarsu ta kai kashi 98 ko 99 cikin 100, babu tsakuwa, babu laima. Mutum ɗaya cikin ɗarin nan ya zuba yashi don ƙara nauyi, ko ya fesa maganin da bai dace ba, ya jawo wa sauran asara.

Sai takardu. Rajistar kamfani, takardar shaidar mai fitar da kaya daga NEPC, fom ɗin NXP ta hannun banki, shaidar lafiyar kaya daga NAQS, ta inganci daga hukumar duba amfanin gona ta tarayya, ta asalin kaya, sannan kwastan. In kayan sarrafaffu ne, kamar man riɗi ko garin zoɓo ko yaji, sai an bi ta NAFDAC. Dokar Babban Banki kuma ta ce kuɗin kayan su dawo gida ta banki cikin kwana 180.

Sai hanya. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kilomita kusan 1,000 ce a kan tirela, sannan jiran shiga tashar Apapa. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023 domin a riƙa gama komai a Kano a rufe kwantena, kuma tunani ne mai kyau, amma cikar amfaninta tana rataye da jirgin ƙasa mai tafiya a kan lokaci.

Sai uwa uba jari. Daga ranar da ka sayi kaya zuwa ranar da kuɗi za su shigo ana iya yin wata uku ko huɗu. Ruwan bashin banki a 'yan shekarun nan ya doshi kashi 30 cikin 100, ga shi da yawa daga mutanenmu ba sa taɓa kuɗin ruwa ko da an ba su. Akwai bankin NEXIM da aka kafa don wannan harka, akwai bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, amma dukkansu jingina suke nema, kuma gonar gado marar takarda ba ta zama jingina.

Wannan ne ya sa ribar ke tsayawa a hannun mai sito da injin tacewa. NEPC ta ce a 2024 kayan da ba na mai ba sun kawo wa ƙasa kimanin dala biliyan 5 da rabi, koko a kan gaba, riɗi yana cikin na sahun farko. Faɗuwar naira daga 400 da wani abu a kan dala a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 ta sa farashin riɗi ya yi tsalle a kasuwar ƙauye, manomi ya ga kuɗi a hannu. Da ya je sayen taki da maganin feshi sai ya tarar su ma dalar suke bi.

Akwai wata ƙofa da ba a cika faɗa wa mutane ba: NEPC tana yi wa ƙungiyar gama-kai mai rajista shaidar fitar da kaya kamar yadda take yi wa kamfani. Manoma 100 da suka yarda da iri ɗaya, lokacin feshi ɗaya, shanya a kan tamfol, da littafin da ke nuna buhun wane daga gonar wane, ko ba su kai ga tura kwantena da kansu ba, sun wuce a taya musu kaya a wulaƙance. Masu saye a Turai da Japan suna ƙara kuɗi a kan kayan da za a iya bin sawunsu har gona. Matsalar ita ce ƙungiyoyinmu da yawa ranar rabon taki ake kafa su, ranar da aka gama rabo su watse.

Masu cewa a yi hattara

Ba kowa ke murna da fitar da kaya ba, kuma suna da hujja. A farkon 2024, da tsadar abinci ta kai intaha, magidanta a birni sun riƙa cewa ana kwashe hatsi ana kai wa masu sefa alhali gida da yunwa. Hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu sito-sito a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, kwastan kuma suka riƙa tare motocin hatsi a hanyar iyaka. 'Yan kasuwar suka ce ajiya ba ɓoyo ba ce, kuma wasu kayan an riga an yi cinikinsu da masu saye.

Masu masana'antu su ma suna da tasu: me ya sa za mu sayar da ɗanyen kaya wasu su sarrafa su ci riba? Da wannan hujja gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida a Agustan 2025. Niyyar mai kyau ce, amma cikin 'yan kwanaki farashi ya faɗi warwas, kuma matan karkara masu tsinto ƙwallon su suka fara ɗanɗanawa.

Haka a 2022 aka hana baƙi 'yan ƙasar waje shiga ƙauye su sayi kaya kai tsaye daga hannun manomi. Dillalai da 'yan sari sun yi na'am, suka ce an kare musu abinci. Manomi kuwa, in ka tambaye shi, ya fi son masu taya kayansa su yi yawa, ko daga ina suka fito.

Kowane ɓangare yana da ƙungiya da kakaki da hanyar ganin minista, ban da mai buhu uku.

Wa ke zama a teburin?

Ƙasar Kano ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayo goro ba sa tashi sai da madugu, kuma babban aikin madugu shi ne ya shiga gaba ya daidaita da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa a madadin ayari duka, mai jaki ɗaya da mai jaki 50. Shi ma ɗan kasuwa ne, kayansa suna cikin ayarin, in ya yi mummunan ciniki da shi za a yi asara. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta karɓi fage, har aka yi dalar gyaɗa, amma daga ƙarshen shekarun 1940 hukumar sayen amfanin gona ce ke yanka farashi, manomi ya karɓa ko ya bari, har aka rushe hukumomin a 1986. Tun daga lokacin mai noma ya rabu da mai yi masa magana.

Yau akwai ofishi na musamman a Abuja, NOTN, da aka kafa a 2017 don jagorantar tattaunawar cinikayya da ƙasashen waje, kuma marigayi Chiedu Osakwe da ya fara riƙe shi ya taka rawa sosai wajen tsara AfCFTA. Ana tuntuɓar masu ruwa da tsaki, amma a otal-otal na Abuja da Legas, da Turanci, kuma waɗanda ake gayyata su ne masu kamfani. Cibiyar ciniki ta Kano, KACCIMA, da ƙungiyar 'yan kasuwar Dawanau suna iya kai kukansu. Daga Dawanau zuwa ƙauyen da aka noma kayan kuwa labari ba ya gangarowa sai ya zama farashi.

Gyaran wannan bai kai wahalar gina tashar jirgin ruwa ba. Ƙa'idar Meksiko a kan zoborodo, jerin magungunan da Japan da Turai suka hana, sharuɗɗan Sin a kan gyaɗa, duk rubutattu ne, kuma abin da ya shafi manomi a cikinsu bai wuce shafi biyu ba. Ma'aikatar kasuwanci ta Jihar Kano da hukumar KNARDA mai kula da aikin gona su sa a mayar da su Hausa, da boko da ajami, a karanta a gidajen rediyo, a ba malaman gona da masu shagunan maganin feshi, a kuma kai wa mata har gida tunda su ke ɓara da shanya. Majalisar ƙaramar hukumar Makoda ta ware fili ɗaya mai daɓen siminti da sikeli na gaskiya da tamfol na haya a kusa da kasuwa. Masu wakiltar yankin a majalisun jiha da tarayya kuma su nemi a ba ƙungiyoyin manoma kujera duk lokacin da za a tattauna wata ƙa'ida da ta shafi riɗi, wake ko zoborodo, musamman in aka zo zama da Nijar. A yi wannan tun da bazara, kafin manomi ya sayi iri da maganin da zai fesa.